Zango na Biyu na Annobar Korona a Gidan Igwai, Sakkwato: Kalmomi da Zaman Jama'a

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya saba ajiye tarihin masifa cikin suna. Yunwar da aka yi a 1914 ana kiranta Kakalaba, ta farkon shekarun 1940 ana ce da ita 'Yar Gusau, murar nan kuwa da ta halaka jama'a a 1918 ita ce Marisuwa. Da irin waɗannan sunaye ne tsofaffinmu kan ƙidaya shekarun haihuwa da na aure. To amma sau da yawa sunan kaɗai ke saura. Yadda mutanen lokacin suka ci, suka sha, suka yi jinya, suka binne 'yan'uwansu, duk yakan tafi tare da waɗanda suka gani da ido.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda zaman yau da kullum ya kasance a unguwar Gidan Igwai ta birnin Sakkwato lokacin da annobar korona ta dawo karo na biyu, watau daga Disamba 2020 zuwa wajen Maris 2021. Za a fara da taƙaitaccen tarihin annobar, sa'an nan a nazarci kalmomin da aka yi amfani da su wajen isar da saƙon hukuma, daga nan a dubi yadda dokokin suka haɗu da al'adun gida da masallaci da kasuwa. Abin da ake son a gano shi ne dalilin da ya sa umarnin ma'aikatan lafiya da halin zaman unguwa suka yi hannun riga, domin tambayar za ta sake tasowa duk ranar da wata annoba ta zo.

2.0 Yadda Annobar ta Zo, ta Kuma Dawo

An tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020 a Ikko. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya, ranar 30 ga watan kuma Gwamnatin Tarayya ta hana fita a Ikko da Ogun da Abuja. A cikin Afrilu ne Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanar da samun mai cutar na farko a Jihar Sakkwato. An rufe makarantu, an hana tafiya tsakanin jihohi, an sa dokar hana yawon dare, an kuma tanadi wurin killace masu cutar a asibitin Amanawa. Duk da haka Sakkwato ba ta ga irin doguwar hana fitar da aka yi a Kano da Kaduna ba. Wannan shi ne zango na farko.

Da damina ta yi nisa sai yawan masu kamuwa ya ragu. Aka buɗe filayen jirgin sama ga jiragen ƙasashen waje ranar 5 ga Satumba 2020, makarantu suka fara komawa, jama'a suka saki jiki. Cikin Disamba sai lissafin ya sake hawa, kwamitin Shugaban Ƙasa da ke ƙarƙashin Boss Mustapha ya bayyana cewa ƙasar ta shiga zango na biyu. Ranar 21 ga Disamba kwamitin ya shawarci jihohi da su rufe wuraren shagali, su taƙaita taro ga mutum 50, su rage yawan masu shiga mota da wuraren ibada zuwa rabi. Aka ce ma'aikatan gwamnati daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna gida har mako 5, makarantu kuma kada su koma sai 18 ga Janairu 2021. A cikin Janairun nan ne jimillar waɗanda aka tabbatar sun kamu a ƙasar ta wuce 100,000, ana samun fiye da mutum 1,000 a ranaku da dama. Kafin watan ya ƙare Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta rufe baki da hanci a wuraren taro, wadda ta tanadi tara ko ɗaurin wata 6 ga wanda ya karya ta.

Dawowar annoba ba baƙon abu ba ne ga masana tarihin cututtuka. Ita kanta Marisuwa zango na biyu ce ta murar da ta zaga duniya a 1918, kuma wannan zangon ne ya fi kisa. Ta sauka Ikko daga jirgin ruwa cikin Satumba na shekarar, ta bi hanyar jirgin ƙasa da ta kogi da ta fatake zuwa Arewa, a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Maiturare. Masana sun ƙiyasta cewa ta kashe kimanin mutum 500,000 a Nijeriya. Dalilin irin wannan dawowa a fili yake: muddin akwai jama'a da yawa da ba su taɓa kamuwa ba, da zarar an koma cuɗanya sai cutar ta sami sabuwar hanya, wani lokaci ma ƙwayar tata ta sauya kama, kamar yadda aka gano sabon nau'in korona mai saurin yaɗuwa a Ingila cikin Disamba 2020.

3.0 Kalmomin Annoba

3.1 Sunan cutar

Idan mai karatu ya dubi sunayen cututtuka a Hausa zai ga yawancinsu daga alamar da ido ke gani aka samo su. Sanƙarau daga sanƙarewar wuya ne, ƙanjamau daga ƙanjamewar jiki, amai da gudawa kuwa sunan ya faɗi kome. Shan inna ya samo suna daga abin da mutanen da suka ɗauka shi ne sanadinsa. Korona ba ta sami irin wannan suna ba. Gidajen rediyo sun gwada cewa "cutar numfashi" ko "cutar sarƙewar numfashi", amma a bakin jama'a baƙon sunan ne ya zauna. Dalili kuwa shi ne ba ta da wata alama tata ta kanta da mutumin unguwa zai nuna. Zazzaɓi ne, wanda Basakkwace ya fi kira masassara, da tari da mura da ciwon jiki, waɗanda kowa ya san su tun yana yaro. Da yawa daga masu ɗauke da ita ma ba su jin kome.

Zango na biyu kuma ya zo ne a tsakiyar hunturu, lokacin da ƙura ke rufe garin Sakkwato, kusan kowane gida akwai mai tari. Wanda ya kwana da masassara a Gidan Igwai cikin Janairu 2021 ba shi da hanyar rarrabewa tsakanin murar ɗari da zazzaɓin sauro da korona, sai fa ta gwaji. Abin da ya saba yi shi ne ya je kantin magani na bakin titi ya sayi ƙwaya, ko a dafa masa ganyen dogon yaro ya yi surace, ko ya sha citta da kanumfari da lemun tsami. Mafi yawa sukan warke, warkewar kuma ta ƙara musu tabbacin cewa ba wani sabon abu da ya faru.

3.2 Zango, zagaye, karo

Turawa sun kwatanta dawowar annoba da igiyar ruwa mai tasowa ta kwanta. Masu fassara labarai ba su bi su ba, sun zaɓi "zango na biyu" ko "zagaye na biyu" ko "karo na biyu", kuma sun yi daidai, gama mutumin da bai zauna bakin teku ba kwatancin igiyar ruwa ba zai yi masa amfani ba. Zango kalmar fatake ce, wurin da ayari ke sauka kafin ya ci gaba, daga baya aka ba ta ma'anar kashin shekarar karatu. Zagaye ya fi tafiya da zaɓe da wasannin zamani. Kowace daga cikinsu tana nuna abin da aka tsara shi tun farko, mai lokacin farawa da na ƙarewa. Wannan ya ba masu shakka abin faɗa, suna tambayar wane ne ya tsara wa cuta zango, kuma yaya aka yi hukuma ta san ranar shigowarsa.

3.3 Kulle, killacewa, takunkumi

Kalmar kulle tana da tsohuwar ma'ana a zaman aure, watau tsare mace a gida. Da aka ce an yi wa gari kulle, sai magidanci ya ji an sa shi a matsayin da bai taɓa ɗauka nasa ne ba, aka kuwa yi ta barkwanci a kan haka tsakanin maza da mata. Killacewa kuma abin da aka fi yi wa fili ko dabba ne. A al'ada marar lafiya kusantarsa ake yi, ana zuwa dubiya da 'yar fura ko lemo, wanda bai zo ba kuwa ana riƙe shi a zuci. Cewa za a ɗauke mutum a kai shi inda ɗansa ba zai gan shi ba ya sa da yawa suka ƙi zuwa gwaji, wasu ma suka ƙaurace wa asibiti gaba ɗaya ko da wani ciwon ne daban ke damunsu.

Takunkumi ita ce kalmar da ta fi kowace nauyi. Asalinta abin da ake ɗaura wa jaki ko raƙumi ko maraƙi a baki ne don a hana shi ci ko cizo ko shan nono. 'Yan jarida sun daɗe da aro ta don nufin horon da ake yi wa wata ƙasa ta hanyar ciniki. Duka ma'anonin biyu na tilas ne da ƙasƙanci. Abin lura a nan shi ne rufe baki da hanci ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. Basarake na ja amawali ya rufe bakinsa, kuma alamar girma ce. Buzaye na naɗa rawani har hanci. Mata da yawa na sa niƙabi. Ɗan kabu-kabu kan ɗaure hancinsa da ƙyalle duk hunturu saboda ƙura, ba wanda ya umarce shi. Ashe aikin sananne ne, sunan da aka ba shi ne ya ɓata shi. Da masu shela sun jingina abin ga amawali ko ga ƙyallen ƙura, da watakila dattijo bai ji kunyar sa shi a gaban 'ya'yansa ba. Abin da aka fi gani a zango na biyu shi ne mutum ya ajiye takunkumi a aljihu, ya ɗaura a ƙofar banki ko asibiti ko ofishin gwamnati inda mai gadi ke hana shiga, ya cire da zarar ya fito.

3.4 Tallafi

Tallafi kalma ce mai daɗi, daga tallafar wanda zai faɗi. A zango na farko an yi ta shelar rabon abinci da kuɗi, amma abin da ya isa hannun talaka bai kai yawan shelar ba. A Oktoba 2020 jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a garuruwa irin su Ikko da Jos da Kaduna, suka tarar da kayan abincin tallafin korona jibge ba a raba ba, hotunan kuma suka zaga wayoyin mutane har Sakkwato. Saboda haka lokacin da aka yi shelar zango na biyu bayan wata biyu, kunnen da ya ji ta ya riga ya cika da zargin cewa annobar hanyar cin kuɗi ce.

4.0 Doka da Zaman Unguwa

4.1 Gida da ruwa

Gidan Igwai unguwa ce ta masu neman na yau: ƙananan ma'aikata, 'yan tireda, masu sana'ar hannu, 'yan kabu-kabu da masu keke Napep, ɗalibai da malamai. Akwai gidajen gado, akwai na haya inda iyalai da dama ke tarayya a tsakar gida ɗaya da makewayi ɗaya. Umarnin cewa wanda ya ji alamar ciwo ya keɓe kansa a ɗaki yana nufin akwai ɗakin da ba kowa a ciki. A lokacin ɗari kuwa akasin haka ake yi, ana rufe taga, a tara yara wuri guda, a kewaye kaskon wuta ana jin ɗumi, alhali ita cutar a iskar ɗaki rufaffe ta fi yaɗuwa.

Haka batun wanke hannu da sabulu a ruwa mai gudu. Gidan da famfonsa ba ya kawo ruwa kullum daga 'yan ga-ruwa yake saye, jarka jarka, kuma uwar gida ta san adadin da zai ishe ta girki da wanka da wanki. Mutane sukan kafa hujja da cewa mai alwala sau biyar a yini ba ya bukatar a koya masa wanke hannu. Hujjar tana da ƙarfi, kuma da an gina saƙon a kanta, a ce a ƙara sabulu kafin alwala, da ya fi shiga. Bokitai masu famfo da aka ajiye a ƙofofin makarantu da ofisoshi sun yi aiki kwanakin farko, daga baya da yawa suka bushe.

Cin abinci ma tarayya ne. Maza kan fito da tuwon dare ƙofar gida a ci a kwano ɗaya, fura kuwa ludayi ɗaya ke zagaya ƙwarya. Wanda ya ware kwanonsa ya jawo wa kansa sunan mai ƙyamar mutane.

4.2 Gaisuwa, masallaci da jana'iza

Musafaha a wurin Bahaushe Musulmi ibada ce da ladabi gaba ɗaya. Yaro ba shi da bakin da zai ce wa baffansa ko malaminsa ba zai karɓi hannunsa ba. Wasu ma'aikata da 'yan boko sun koma ɗora hannu a ƙirji ko jinjina daga nesa, abin da dama yana cikin gaisuwar fada, amma a majalisar ƙofar gida da teburin mai shayi hannu bai daina haɗuwa ba.

A masallaci liman kan umarci mamu su daidaita sahu su toshe kafa, kafaɗa da kafaɗa. Kalmar tazara, wadda aka zaɓa don nufin nisantar juna, ta zo daidai kishiyar wannan umarni. Malamai da dama sun yi bayani cewa shari'a ta san annoba: hadisi ya hana shiga garin da ta ɓulla da fita daga cikinsa, Sayyidina Umar kuma ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda ita. Sakkwato ma tana da nata gadon, gama Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ilmin magani. Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya yi ta kiran jama'a su bi shawarar ma'aikatan lafiya. Abin da ya fi girgiza masu shakka shi ne ganin Ka'aba ba kowa, da kuma hana mahajjatan ƙasashen waje zuwa aikin Hajji a 2020, abin da aka maimaita a 2021. Duk da haka a masallatan unguwa sahu ya ci gaba da haɗuwa kamar yadda aka saba.

Zango na biyu ya kuma faɗo cikin lokacin bukukuwa, domin bayan kaka ne aka fi ɗaura aure. Ƙa'idar mutum 50 ba ta da wurin zama a ɗaurin auren da ake yi a ƙofar gida, inda duk mai wucewa ke tsayawa ya karɓi goro ya yi fatiha. Jana'iza ta fi wannan wuya. Wanka da sutura da salla da rakiya zuwa maƙabarta haƙƙin mamaci ne a kan rayayyu, zaman makoki kuma haƙƙin iyalinsa. Da yake ana binne mamaci cikin 'yan sa'o'i, ba a kuma saba binciken sanadin mutuwa ba, dattijon da ya rasu bayan 'yar gajeruwar rashin lafiya sai a ce kwana ya ƙare. Wannan na cikin dalilan da suka sa lissafin hukuma ba zai iya nuna dukan abin da ya faru ba.

4.3 Kasuwa da aljihu

Ga mafi yawan magidanta, abin da ya fi cutar tsanani shi ne tsada. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna hauhawar farashi ta kai kashi 15.75 cikin ɗari a Disamba 2020, ta abinci kuwa 19.56. Zuwa Maris 2021 sun kai 18.17 da 22.95. Ambaliyar damina ta 2020 ta cinye shinkafa mai yawa a Kabi da fadamun Rima, albasa ma ta yi tsadar da aka daɗe ba a gani ba. Iyakokin ƙasa na tudu sun kasance a rufe tun Agusta 2019, sai ranar 16 ga Disamba 2020 aka buɗe guda huɗu, ciki har da ta Illela mai fuskantar Birnin Ƙonni. Mai karatu zai lura cewa a mako guda aka ce wa Basakkwace annoba ta dawo, aka kuma buɗe masa ƙofar cinikin da ya yi wata 16 yana jira. Ba sai an faɗi labarin da ya fi faranta masa rai ba.

Umarnin zama gida ya dace da mai albashi. Ɗan kabu-kabu da mai facin taya da mai ɗinki da matar da ke soya awara ko ƙosai tana ba yara talla, kowannensu sai ya fita ko an fita dominsa kafin a ɗora tukunya. Mai keke Napep da aka ce ya rage fasinja, alhali kuɗin mai ya hau kuma mai keken na jiran balas da yamma, ya san dokar da zai karya. Babbar Kasuwa da Tsohuwar Kasuwa da Kara sun ci gaba da cika.

Daɗin daɗawa, hukuma da kanta ta tara jama'a. A tsakiyar Disamba 2020 aka ba da umarnin haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa cikin mako biyu, in ba haka ba a rufe layi. Mutane suka yi cincirindo a wuraren rajista tun da asuba, jiki na gugar jiki, a daidai lokacin da rediyo ke shelar a bar tazara. Wanda ya tsaya a irin wannan layi yini guda da wuya ya sake ɗaukar shelar da muhimmanci.

4.4 Makaranta da tsaro

Yara sun yi fiye da rabin shekarar 2020 a gida. Darussan rediyo da talabijin sun taimaki waɗanda ke da wuta da mai sa ido a kansu, saura kuwa talla da koyon sana'a suka ɗauke su, wasu 'yan mata aka yi musu aure. Ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun haɗa annoba da yajin aikin malaman jami'o'i, wanda aka fara a Maris aka janye ranar 23 ga Disamba 2020. Masu ba da hayar ɗakuna da masu abinci da masu buga takardu da ke ci daga jikin ɗalibai duk sun ji a jikinsu.

A wannan lokacin kuma wani tsoron ya fi na korona kusa. A Mayu 2020 'yan bindiga sun kashe fiye da mutum 60 a rana ɗaya a ƙauyukan Sabon Birni. An sace ɗaliban Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, na Jangebe ranar 26 ga Fabrairu 2021, Gwamnatin Jihar Sakkwato kuma ta rufe wasu makarantun kwana na yankunan kan iyaka. Mutanen gabashin jihar da suka gudo birni sun raɓa da danginsu, gidajen da dama a cike suke suka ƙara cika.

5.0 Shakka da Rigakafi

A jihar da ƙidayar 2006 ta ba mutum miliyan 3.7, waɗanda aka tabbatar sun kamu da korona daga farko har ƙarshe ba su kai 1,000 ba, alhali Ikko kaɗai ta wuce 100,000. Ƙarancin gwaji na cikin dalili, yawan matasa a cikin jama'a ma dalili ne, tun da cutar tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini ta fi kayarwa. Sunayen da aka ji sun mutu kuma na manya ne, irin su Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar Shugaban Ƙasa, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu 2020. Daga nan maganar da ta zaga gari ta samo tushe, wadda a Sakkwatanci ake faɗi da cewa cutam manya ta. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana, mutumin unguwa kuwa ya ga sanƙarau na 1996 da na 2017 da idonsa, ya ga amai da gudawa, korona kuwa a rediyo ya fi jin ta. Bai kamata manazarci ya kira wannan jahilci ba. Hukunci ne da mutum ya yanke bisa abin da ya gani, ko da yake abin da ya gani bai cika ba, domin tsohon da ya mutu a ɗaki ba a gwada shi ba ba ya cikin lissafin kowa.

Allurar rigakafi ta iso Nijeriya ranar 2 ga Maris 2021, kimanin miliyan 3.9 ta kamfanin AstraZeneca, aka fara yi ranar 5 ga watan a Abuja. Shugabanni da sarakuna suka karɓa a bainar jama'a don a gani. Ta tarar da tsohon tabo. Ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, ba a kuma manta da dakatar da allurar shan inna da aka yi a wasu jihohin Arewa a 2003 bisa zargin tana hana haihuwa ba. Wannan zargin ne ya sake dawowa, a wannan karon ta WhatsApp. Abin da ya kawar da nau'in shan inna na daji, har aka bayyana Afirka ta rabu da shi ranar 25 ga Agusta 2020, shi ne shigar sarakuna da hakimai da masu unguwanni da limamai da mata masu bi gida gida. Inda aka bi wannan hanyar a korona an fi samun karɓuwa.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da abubuwa uku. Na farko, fassarar saƙon lafiya aikin masana harshe ne tare da likitoci, gama kalma irin takunkumi ko kulle tana zuwa da kayanta, kuma jama'a kayan suke fara ji kafin saƙon. Na biyu, dokar da aka tsara don mai albashi da famfo da ɗakin baƙi ba za ta zauna a gidan haya ba sai an sake mata ɗinki, kuma al'ada tana da abubuwan da za a ɗinka ta da su, kamar alwala da amawali da gaisuwar jinjina. Na uku, amana ita ce jarin hukuma a lokacin annoba, abin da aka ɓatar a rabon tallafi da layin rajista kuwa shela ba ta mayar da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa na korona ranar 5 ga Mayu 2023, lissafin Nijeriya kuma ya tsaya a wajen mutum 267,000 da suka kamu da fiye da 3,100 da suka rasu. Waɗanda suka ga wannan zamani a Gidan Igwai da sauran unguwannin Sakkwato suna nan da ransu: limamai, ungozomomi, masu kantin magani, masu wankan gawa, malaman makaranta. Ya kamata ɗalibanmu masu neman digiri na biyu da na uku su je su ɗauki bayaninsu da irin Hausar da suke magana da ita, su tattara barkwanci da kirari da salon maganar da annobar ta haifar, tun kafin abin ya zama kamar Marisuwa, wadda sunanta kaɗai ya iso gare mu.